Ku Tambaya, Mu Amsa: Wuni Ɗaya a Tsaunukan Alp Sa'ad da Ƙanƙara ke Narkewa

Wasiƙun wannan fitowa sun haɗu a kan abu guda. Ƴaƴan Damagaram da ke karatu a Faransa sun kusa samun hutu, abokai suna jan su hawan tsauni, iyaye kuma a gida hankalinsu bai kwanta ba.

Ni ɗan Birni ne, ina karatu a Grenoble. Abokaina sun ce tsakiyar Yuni mu hau filayen ciyawa na kan tsauni, mu wuni mu dawo. Gari ana zafi digiri 30, amma sun ce in ɗauko rigar sanyi. Zolayata suke ko gaskiya ne?

Gaskiya suka faɗa maka, ɗan'uwa. Duk mita 1,000 da ka hau, zafi yana raguwa da kimanin digiri 6 da rabi. Grenoble tana kan mita 212, filayen kiwon da ake zuwa kuwa yawanci tsakanin mita 1,800 ne da 2,500. Ka ce za ku kai 2,200: digiri 13 sun tafi ke nan, 30 ɗinka ya koma 17 da rana tsaka. In gajimare ya rufe rana, iska ta taso, kana jiƙe da gumi, sanyin da za ka ji ya wuce ɗarin watan Janairu na gida. Don ka gane tsayin, Zinder ba ta kai mita 500 ba, ƙolin Bagzan da ya fi ko'ina tsawo a Nijar mita 2,022 ne. Inda namu ya ƙare, nan shanunsu ke kiwo.

Riga uku ake sawa, wata kan wata. Ta jikin fata ta zama ta ulu ko ta roba mai saurin bushewa, sai mai kauri ta ɗumi, sai rigar ruwa mai tare iska. Auduga ka bar ta a ɗaki, haka wandon jins: suna shan gumi su riƙe, da ka tsaya hutawa sai su koma kamar tsumman randa a bayanka. Ka fara tafiya kana ɗan jin sanyi, ka sa ta ɗumin duk lokacin da aka tsaya. Takalmi mai rufe idon sawu, mai ƙasa mai taurin gaske da zane mai zurfi, wanda ƙafa ta riga ta saba da shi. A jakar goyo: ruwa lita 2, hular sanyi, safar hannu, tocilar goshi, usur, bargon leda mai sheƙi da ake naɗewa kamar hankici, da taswirar IGN, hukumar taswira ta Faransa, wadda santimita 4 a kanta kilomita 1 ne a ƙasa.

Na ga hoton hanya, ciyawa kore shar da furanni, sai wani farin ƙyalle na ƙanƙara ya gitta ta, faɗinsa bai fi taku ashirin ba. Ai wannan tsallakewa kawai za a yi ko? (Wani ɗalibi ɗan Sabon Gari)

A nan za mu daɗe, don wannan farin ƙyallen shi ne babban haɗarin watan Yuni, ba ƙolin dutse ba.

Ba dusar da ka gani tana zuba kamar gari ba ce. Ta kwana wata da watanni a wurin, rana ta narkar da samanta, dare ya daskarar, har ta dunƙule. Tana daɗewa a gangaren da ke fuskantar arewa da cikin kwazazzabai, a sama da mita 2,200 har cikin Yuli. Da safe tana da tauri kamar daɓen siminti da aka zuba wa ruwan sabulu, takalmi ba ya shiga. Da rana ta ɗaga sai samanta ya yi laushi, ƙafa ta samu wurin zama. Bayan azahar kuma ta ruɓe, mutum ya nutse har gwiwa.

Kafin ka ɗora ƙafa, kada ka dubi faɗinta, dubi ƙasanta. Tambayar ita ce: in na zame, ina zan tsaya? In gangaren ya ƙare a shimfiɗaɗɗiyar ciyawa, da sauƙi. In duwatsu ne a ƙasa, ko gaɓa, ko tafki, to taku ashirin ɗin nan sun isa su kashe mutum. Wanda ya zame a kan tauraruwar ƙanƙara, cikin daƙiƙa biyu ko uku ya yi gudun da ba ya tsayuwa, rigar ruwa kuma santsi take ƙara masa.

In ka ga ta tsallakuwa, sa safar hannu da riga mai dogon hannu tukuna, don ƙanƙarar kamar faranti mai kaushi take, tana saɓule fata. Cire hannu daga igiyar sandunan tafiya, ka riƙe su haka nan. Buga gefen takalmi cikin ƙanƙarar sau biyu ko uku har ya yi mataki, ɗora nauyi, sannan ka buga na gaba. Tsaya a miƙe, nauyinka bisa ƙafafunka. Tsoro yana sa mutum ya jingina jikin gangaren, wannan jinginar ce ke ture ƙafa waje. A wuce ɗaya bayan ɗaya, kada wani ya tsaya daidai ƙasan wani. Sawun waɗanda suka wuce jiya kada ya ruɗe ka, da safe ya daskare ya zama gilashi.

In ka zame, ba jira: juya rub da ciki, kai sama ƙafa ƙasa, ware hannu da ƙafa, ɗaga ciki daga ƙanƙarar ka kafa tafin hannu da kan takalmi kamar soja mai atisaye. A daƙiƙar farko ake yin wannan, bayanta ya wuce.

Akwai tarko biyu da ido ba ya gani. Bakin ƙanƙarar, inda ta haɗu da dutse, rami ne a ƙasa, don dutse yana ɗaukar zafi ya cinye ta ta ciki. A nan ake karya ƙafa, a takun farko ko na ƙarshe, sai ka soka sanda ka gwada. Na biyu ya fi muni: ƙorama tana gudu ƙarƙashin ƙanƙarar, ta rarake ta, ta bar ɓawo kamar rufin tsohuwar rijiya. In ka ji kukan ruwa a ƙasa, ko ka ga tsakiyar ta lotsa ta yi duhu, kada ka hau. Wanda ya rufta, ruwan ya ja shi cikin ramin, fito da shi aiki ne babba.

Masu ƙarafan takalmi masu haƙora da ɗan gatarin ƙanƙara suna wucewa inda ba za ka wuce ba, sun koyi aiki da su ne. Kai in ka yi shakka, juya. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Allon hanya bai rubuta kilomita ba, sa'o'i ya rubuta. Mu da muke taka ƙafa daga Zinder zuwa Mirya, kilomita 10 har wani abu ne? (Wani mai karatu daga Garin Malam)

Malam, ƙafarka ta san nisa, ba ta san hawa ba. Ga lissafin da ake yi: sa'a 1 ga kowane mita 300 na hawa, sa'a 1 ga mita 500 na sauka, sa'a 1 ga kilomita 4 na nisa. Ka fitar da na tsayi da na nisa, ka ɗauki babban, ka ƙara masa rabin ƙaramin. Hanya mai kilomita 5 da hawan mita 900: hawa sa'a 3, nisa sa'a 1 da kwata, jimla kusan sa'a 3 da minti 40. Dawowa kusan sa'a 2 da rabi. Sa'a 6 ke nan ba hutu, ba salla, ba ƙanƙara a hanya.

Shi ya sa ake sammako. Ranar can tana da tsawo, a Yuni sai bayan ƙarfe 9 na dare take faɗuwa, wannan ke yaudarar baƙo ya fita ƙarfe 11. Amma hadarin tsauni da yamma yake haɗuwa. In ka ga farin gajimare yana tashi kamar tulin auduga tun hantsi, kansa yana baje, ƙasansa yana baƙi, ai ka san shi tun daga damina. Fara ƙarfe 7, ka bar sama kafin azahar. Ƙirga daƙiƙa tsakanin walƙiya da tsawa: kowace 3 kilomita 1 ce, in ba su kai 30 ba kana cikin hatsari. Sauka daga doron dutse, nisanci itace mai tsayuwa shi kaɗai da igiyoyin ƙarfe, aje sanduna nesa, tsuguna bisa jakarka ƙafa a haɗe.

Ƙoramu ma da agogo suke tafiya. Wadda ka tsallake da safe a kan duwatsu, da la'asar narkakken ruwa ya cika ta. In ya kai gwiwa yana gudu, kada ka shiga.

Launin fenti a jikin dutse magana ne. A Suwis rawaya hanyar kowa ce, fari da ja da fari ta tsauni, fari da shuɗi da fari ta gwanaye, ba taka ba ce. A Faransa fari da ja alamar doguwar hanya ce ta kwanaki, rawaya ta wuni ɗaya. Daren tafiya a duba hasashen Météo-France, hukumar yanayi ta Faransa, a buga wa masaukin kan dutse a tambayi halin ƙanƙara, galibinsu daga tsakiyar Yuni suke buɗewa. A gaya wa wani hanyar da lokacin dawowa. In abu ya faru, lambar 112 tana aiki duk ƙasashen Alp. In ba rezo, busa usur sau 6 cikin minti 1, huta minti 1, maimaita. A Suwis jirgin ceto mai saukar ungulu kuɗi ake biya, sai a tabbatar da inshora kafin a tsallaka iyaka.

Ɗana yana da emasi, wato ciwon sikila, yana karatu a can, ya ce zai bi abokansa. In bar shi? Kuma ina so in aika masa kilishi da cuku ya yi guzuri. (Wata uwa daga Zango)

Hajiya, kada ya tafi sai likitansa ya yarda. Abubuwan da ke tayar da ciwon sikila duk sun taru a kan tsauni: ƙarancin iska, sanyi, ƙishirwa, gajiya. Likitoci kan hana mai ciwon wuce mita 1,500, filayen nan kuwa duk sun wuce. Abin da ya fi ba mu tsoro akwatin nan mai tafiya a kan waya: daga garin Chamonix, mita 1,035, yana kai mutum ƙolin Aiguille du Midi, mita 3,842, cikin kimanin minti 20, jiki bai shirya ba. Ko mai AS da bai taɓa ciwo ba, tsayi mai yawa kan taɓa masa saifa. Ciwo mai tsanani a hagu ƙarƙashin haƙarƙari, a sauko da shi, a nufi asibiti.

Guzuri kuwa, nama da duk abin da aka yi da nono haramun ne a shiga da su Tarayyar Turai cikin kaya, ƴan duwan za su karɓe. Ki aika dabino, shi an yarda, kuma babu abincin hawa da ya fi shi.

Mu baƙar fata ma sai mun shafa man rana da sa tabarau? (Wata ɗaliba ƴar Birni)

Ƙanwa, idonki ba shi da baƙar fata. Hasken da ke ƙona fata yana ƙaruwa da kusan kashi 10 cikin 100 duk mita 1,000, sabuwar ƙanƙara kuma tana mayar da har kashi 80 sama, ta ƙasan hula yake shigowa. Ciwon ba ya nunawa nan take, sai da dare ido ya yi ja, ya cika da hawaye kamar an zuba yashi. A sa tabarau mai duhu, lamba 3 ko 4. Leɓe da hanci da kunnuwa a shafa musu mai, suna tsagewa.

An ce akwai makiyaya a can kamar namu. Da gaske? Kuma ya ake da salla da shayi? (Wani dillalin dabbobi a Zinder)

Da gaske, Alhaji. Garke yana hawa a Yuni bayan ƙanƙara ta janye, ya sauko a Satumba ko Oktoba, kamar yadda namu ke yin arewa da damina. Tumakin suna tare da wani ƙaton farin kare da ake kira patu, aikinsa korar kyarkeci, kuma ba ya jiran umarnin makiyayi. In ya taho yana haushi, a tsaya cik, kada a gudu, kada a ɗaga sanda ko dutse irin yadda muka saba, kada a zuba masa ido. A bar shi ya sansana, sannan a kewaye garken daga nesa. Saniya mai ɗan maraƙi kuwa ba sai mun koya maka ba. Ƙofar shinge in ka buɗe ka rufe, siririyar wayar da ke kewaye da shi akwai lantarki a jiki.

Ciyawar gwanin kyau ce a lokacin: wani ɗan fure mai ruwan hoda yana huda ƙanƙarar da kanta ya fito, shuɗin janshiyan ya biyo baya. A kalla da ido kawai. Cikinsu akwai masu dafi mai kisa, irin akonit mai dogon shuɗin fure, don haka ɗabi'ar tsinkar ganye a tauna a bar ta a gida. A tsakiyar gandun Vanoise, gandun ƙasa na farko a Faransa tun 1963, da na Écrins, tsinkar fure da hura wuta laifi ne mai tara. Gawayi da buta ba su da wuri, a dafa shayin a ɗaki a zuba a filas. Ruwan ƙorama da ke ƙasa da garke a tafasa shi ko a sa ƙwayar tace ruwa, komai haskensa.

Alwala da shi ba laifi, sai dai sanyinsa na sa yatsu su ƙage, a goge ƙafa ta bushe sarai kafin a mayar da safa, in ba haka ba ta yi bororo. Alƙibla kuma ba gabas ɗinmu ba ce, daga can kudu maso gabas take. Da an koma gida a duba bayan gwiwa, hamata da kugu saboda kaska, tasu tana ɗauke da cutar Lyme. A kama ta da ɗan hantsaki daf da fata a zare a hankali, ba a diga mata kananzir. In jan zobe ya fito a wurin yana faɗi cikin kwanaki ko makonni, a kai wa likita.