Dillali yace in ƙawata gida kafin masu saye su zo, ya halatta?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Gidan gado ne zamu saida a nan Kano, ni ne babba shiyasa 'yan'uwa suka ɗora min. Wata huɗu kenan ana zuwa ana dubawa ana tafiya ba wanda ya taya da daraja, sai dillali yace gidan ne yayi duhu kuma ba kowa a ciki, wai in yi fenti, in aro kujeru da labule da kafet in shirya falo kamar ana zaune a ciki, a fesa turare, sannan a ɗau hoto a sa a WhatsApp. Amma Malam akwai bangon ɗaki ɗaya da yake jiƙewa duk damina, yace a shafe shi a jingina wadirof a wajen ba mai lura. Zuciyata bata kwanta ba. Menene hukunci?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya jiƙan mahaifinku, kai kuma Allah ya saka maka da ka tsaya ka tambaya kafin ka aikata.

Dillalin nan abu biyu ya haɗa maka a magana ɗaya, ɗaya halas ɗaya haram, sai mun raba su.

Share gida, cire yana, yin fenti, canza kwan fitila da ya mutu, nome ciyawar tsakar gida, buɗe tagogi iska ta shiga, har da aro kujeru da labule a shirya falo don mai saye ya ga yadda gidan zai kasance in an zauna, duk wannan ba komai. Asalin ciniki halas ne, kuma ba inda shari'a tace sai ka nuna kayanka cikin datti. Mai tumatir a Yankaba ma yana yayyafa ruwa ya jera su da kyau, mai mota yana wanke ta kafin ya kai ta kasuwa. Sharaɗi ɗaya ne a nan, ka faɗa da bakinka cewa kujerun nan da kafet ɗin na aro ne basa cikin ciniki. Haka in akwai AC ko fanka ko sola ko injin jan ruwa da zaku cire, a faɗa tun farko kuma a rubuta a takardar ciniki, don irin wannan ne yake kawo rigima ranar miƙa mukulli, mai saye yace ai da su na gani na taya.

Toh sai maganar bangon. Wannan kam ɗan'uwa kada ka yi. Shine malamai suke kira tadlisi, wato ɓoye aibin kaya, mu kuma muce algus. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah (SAW) ya wuce wani mai saida abinci ya tara shi tsibi, sai ya sa hannunsa a ciki yatsunsa suka taɓo danshi, ya tambaye shi menene wannan, mutumin yace ruwan sama ne ya taɓa shi, sai Annabi yace me ya hana ka sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, wanda yayi algus baya tare da ni. Ka duba da kyau, mutumin nan bai yi ƙarya da baki ba, bai ce abincin busasshe bane, kawai ya sa mai kyau a sama ya binne jiƙaƙƙen a ƙasa. Wadirof ɗin da za'a jingina a bangon nan aikinsa kenan, kuma abin da ya ƙara tsorata ni shine shima danshin ruwan sama ne kamar na hadisin.

Kuma a Risala, wadda yawancinmu muka karanta a zaure, Ibn Abi Zaid ya faɗa ƙarara cewa baya halatta a ciniki ayi tadlisi ko algus ko yaudara ko ɓoye aibi, kuma baya halatta mutum ya ɓoye wani abu game da hajarsa wanda in ya faɗa mai saye zai ƙi ta ko kuma ya rage kuɗi. Wannan shine ma'aunin da zaka riƙe. Ka tambayi kanka, in mutumin nan ya san bangon yana jiƙa zai biya wannan kuɗin? In amsar a'a ce to dole ka faɗa masa, ko ya tambaya ko bai tambaya ba. Maganar da dillalai suke yi wai ai ido ya gani ya saya bata da ƙarfi a nan, tunda kai ka rufe abin da idon zai gani, ballantana in da rani ake cinikin, wa zai gane gida yana shan ruwa a watan Maris?

Akwai wata yaudarar da ba a ɓoye aibi amma a nuna alherin da babu shi. Asalinta hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito na hana ƙin tatsar raƙuma ko tumaki kwana da kwanaki don hantsar ta cika mai saye ya zaci mai yawan nono ce, Annabi (SAW) ya bawa wanda ya saya zaɓi bayan ya tatsa, ya riƙe ko ya mayar da ita tare da sa'i ɗaya na dabino. Malaman Shafi'iyya sun kawo misalin wanda zai tare ruwan magudana sai lokacin ciniki ya sake shi don a ga kamar ruwan yana da ƙarfi. Yau kwatankwacinsa shine a kira 'yan garuwa su cika tanki da asuba, mai saye ya buɗe famfo ruwa ya zubo shaa ya ɗauka rijiyar burtsatse ce ke bayarwa alhali ta ƙafe. Ko hoton da ake ɗauka da waya daga lungu ɗaki ya zama kamar fili, ko a goge tsagewar bango a hoton. Ni kaina an taɓa kawo min ƙarar irin wannan, bawan Allah ya tara kuɗin sallamarsa na aiki ya sayi gida fes da sabon fenti, ruwan farko na damina silin ya rufto a ɗakin yaransa, yana bani labari muryarsa na rawa. Har yau in na tuna raina yana ɓaci.

In an riga an yi, cinikin baya wanke mai sayarwa. A mazhabar Malikiyya an yi bayanin aibin gida daki-daki, a littafin Mukhtasar na Shehu Khalil ma an kawo misalin tsagewar bango. In aibin kaɗan ne wanda ba a tsoron gidan ya faɗi saboda shi, mai saye zai riƙe gidan a mayar masa da kuɗin da aibin ya rage. In babba ne, kamar ana tsoron rushewa ko ya yanke wani amfani na gidan, yana da damar mayar da gidan ya karɓi kuɗinsa. Kaga kenan ko ta fuskar duniya kana iya jawo wa kanka da ƙannenka shari'a bayan an raba kuɗi kowa ya kashe nasa.

Abin da nake baka shawara, ka samo magini ya duba bangon nan. In gyara ne na gaske, a toshe inda ruwan ke shiga, ko indararo ne ko kwano ko magudanar maƙwabta, a sake filasta sannan ayi fenti, kuma duk da haka ka gaya wa mai saye cewa nan yana jiƙa da, mun gyara, tunda damina bata gwada gyaran ba tukuna. In babu kuɗin gyara ka bar wajen a buɗe ka nuna masa ku daidaita a farashi. Hadisin Hakim bin Hizam yace in masu ciniki biyu sukayi gaskiya suka bayyana za'a sa musu albarka a cinikinsu, in suka ɓoye sukayi ƙarya za'a shafe albarkar, kuma kuɗin nan na gado ne, ƙila akwai marayu a ciki, bana so ka raba musu abin da aka cire wa albarka.

Dillalin kuma ka gaya masa da kyakkyawan lafazi cewa in ya san aibin ya rufe shima yana da nasa kason na zunubi, la'adarsa bata tsarkaka da haka. Sannan ka ja masa kunne kada ya kawo abokansa su riƙa tayawa na ƙarya a gaban mai saye don kuɗi ya hau, wannan shine najashu kuma Annabi (SAW) ya hana. In yaƙi ji ka canza dillali.

Wallahu a'alam.