Dalilin da ya sa nake hana ku kwantar da tukunyar gas

Yarona, ka tambaye ni me ya sa nake faɗa idan kun kwantar da tukunyar gas a cikin keke, alhali an rufe kanta gam. Ba rufewar ce ta dame ni ba. Leƙa bayan makunnin, za ka ga wani ɗan bawul mai sifirin a ciki. Idan zafi ya sa matsi ya yi yawa, shi ne zai buɗe da kansa ya rage iska kafin ƙarfen ya tsage.

To, gas ɗin girki ruwa ne a cikin tukunya. Shi ya sa ba a cika ta maƙil, wajen kashi 80 cikin 100 ake zubawa, a bar sarari a sama inda tururin ke taruwa. Da gangan maƙera suka ɗora bawul ɗin a can sama, domin in ya buɗe tururi ne zai fita. Da ka kwantar da ita, ruwan ya kai bakin bawul ke nan. Ranar da zafin Afrilu ya gasa ta, ruwa ne zai feso, kuma lita 1 ta wannan ruwan tana komawa tururi wajen lita 250. Ga wutar walda a shago. Allah ya kiyaye.

Tukunyar oksijin kuwa, siririn faifan ƙarfe ne a jikin kanta, wanda yake fashewa in matsi ya yi yawa. In ya fashe ba ya sake rufewa, sai iskar ta ƙare tas. Don haka ka juya bakinsa, kada ya kalli mutum ko tsumma mai maiƙo.

Ta asitilin, wato gas ɗin walda, ce na fi tsoro. Matoshinta narkewa yake a wajen digiri 100, zafin tafasasshen ruwa kawai, kuma a wasu tukwanen yana kafaɗa, a wasu yana gindi. Kada tartsatsin walda ya sauka a kansa, kada ka ajiye ta kusa da garwashi. A tsaye, ɗaure da sarƙa a bango.

In ka ji ɗayansu yana yoyo, ban yarda ka toshe shi da ƙusa ko ka naɗe da roba ba. Kashe duk wata wuta, ka fitar da tukunyar fili, sannan ka kira ni mu mayar wa dila.