Maigidana tsohon soja ya rasu, ƙaninsa ya riƙe takardun: ina mafita?

Tambaya:

Assalamu alaikum. Maigidana ya yi aikin soja fiye da shekara 30. Shekara 2 da yin ritaya Allah ya yi masa rasuwa, ya bar ni da 'ya'ya 5, maza 3 mata 2, da tsohuwar mahaifiyarsa. Da na fita takaba na nemi takardunsa, sai ƙaninsa ya ce sunansa marigayi ya rubuta a NOK, wato gurbin makusancin dangi a fom ɗin aikin soja, tun yana saurayi, don haka duk abin da zai fito nasa ne, sai abin da ya ga dama ya ba mu. Katin bankin ma yana hannunsa. Ga wani mutum kuma ya ce in yarda da kashi 20 cikin 100 ya bi mini fayil a Abuja. Don Allah a ba ni shawara.

Wata uwa daga Kaduna

Amsa:

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙurin rashi, ya raya abin da ya bari.

Zan fara da maganar ƙanin maigidanki, domin a nan ne na fi ganin ana karya gwiwar matan sojoji. Gurbin NOK ba wasiyya ba ne, ba kuma rabon gado ba ne. Soja yana rubuta sunan ne domin runduna ta san wanda za ta tuntuɓa idan wani abu ya same shi, da wanda zai tsaya a madadin iyali wajen karɓar haƙƙi. Yawancin samari suna shiga Depot na Zariya ba su yi aure ba, sai su rubuta uba ko ɗan'uwa, rayuwa ta ci gaba, a yi aure a haihu, fom yana nan yadda yake. Wanda sunansa ke wurin amana ce aka ɗora masa, ba mallaka ba.

A shari'ar Musulunci kuwa lamarin a fili yake, ayoyi na 11 da 12 na Suratun Nisa'i sun gama magana. Bayan an biya bashi an cika wasiyya, ke kina da tumuni, wato ɗaya cikin 8, in da abokiyar zama ku raba shi. Mahaifiyarsa tana da sudusi, ɗaya cikin 6. Idan mahaifinsa ba ya raye, duk abin da ya rage na 'ya'ya ne, namiji ya ɗauki rabon mata biyu. A lissafin kashi 24: naki 3, na tsohuwa 4, na yara 17. Ƙanin mamaci ba ya cin ko kwabo matuƙar akwai ɗa namiji. Aya ta 10 ta wannan surar, mai magana kan masu cin dukiyar marayu, ita nake so wani dattijo a dangi ya tuna masa kafin a kai ga kotu. Ki fara da wannan hanyar, da liman da mai unguwa, domin baffan 'ya'yanki ne, gobe ma shi za a nema waliyyin auren 'yan matan. Idan ya ƙi, kotun shari'a tana da hurumin raba gado, tana kuma iya sa shi ya kawo takardun gabanta.

Sai abin da zai fito. Fanshon soja yana hannun Hukumar Fanshon Sojoji da ke Dutse-Alhaji a Abuja, domin tun 2011 aka cire sojoji daga tsarin fansho na karo-karo. Ƙa'idar da ta shafe ki ita ce ta shekara 5: idan ɗan fansho ya rasu kafin ya cika shekara 5 da ritaya, ana biyan iyalinsa ragowar fanshon waɗannan shekarun. A naku, kimanin shekara 3 ke nan, haɗe da duk wani bashin ƙarin fansho da bai karɓa ba yana raye.

Maganar katin banki kada ki yi sanyi da ita. Idan ba a sanar da hukuma rasuwar ba, fansho yana ci gaba da shiga ana cirewa, to ranar tantancewa asiri zai tonu, kuma a kan iyali lissafin zai dawo. Ki rubuta wa hukumar da bankin takardar sanarwa, a buga miki hatimin karɓa a kan kwafinki.

Ki haɗa takardar shaidar mutuwa ta asibiti da ta Hukumar Ƙidaya, takardar sallama daga aiki, lambarsa ta soja, shaidar aurenku, takardun haihuwar yara, NIN da BVN ɗinki, da takardar izinin tattara dukiyar mamaci daga sashen gado na Babbar Kotun Jiha. In auren masallaci ne ba takarda, kotun shari'a tana bayarwa da shaidu. Na asali su zauna a hannunki, kwafi kawai za ki riƙa miƙawa.

Shi kuwa mai neman kashi 20 cikin 100, ki sallame shi da fatan alheri. Ba a sayen haƙƙin mamaci, kuma kuɗin marayu ba naki ba ne ke kaɗai da za ki yi ciniki a kansa. Na sha ganin mace ta miƙa takardun asali ga irin waɗannan, wayarsu ta daina shiga. Ki je ofishin Ƙungiyar Tsofaffin Sojoji ta Nijeriya, wadda aka fi sani da Lijiyon, da ke jiharku. Tun 1964 doka ta kafa ta, kula da tsofaffin sojoji da matan da suka bari da marayunsu yana cikin aikinta, kuma abokan aikin maigidanki suna can, sun san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa. Idan ana buƙatar lauya kuma babu hali, akwai Hukumar Ba da Tallafin Shari'a da ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA. Idan fayil ya kwanta ba dalili, ki kai kuka Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa a 1975, wadda marigayi Ɗan Masanin Kano Maitama Sule ya taɓa shugabanta. Ba a biyan kuɗi a can. Ki kuma leƙa ofishin DHML, masu kula da inshorar lafiyar sojoji har da 'yan ritaya, su tabbatar miki da matsayin rajistarki da ta yara.

Akwai abin da ba na so a yaudare ki da shi. Inshorar rai ta ma'aikata da ɗaukar nauyin karatun yara da runduna ke yi, an tsara su ne domin waɗanda suka rasu a bakin aiki. Wanda ya ajiye kaki sannan ya rasu a gida, iyalinsa ba sa cikin wannan layin. Wannan giɓin yana ci mini rai ƙwarai. Mutum ya ƙare ƙuruciyarsa tsakanin Laberiya da Saliyo da dajin Sambisa, ya dawo da hawan jini da ciwon gwiwa da rashin barci, matarsa ta yi jinyarsa a gidan haya bayan an bar bariki, amma da yake ajalinsa ya zo bayan takardar sallama, sai a ce yaransa su nemi kuɗin makaranta a wani wuri. Duk 15 ga Janairu ana ajiye furanni a Abuja, a saki tantabaru, a sayar da tambarin tunawa da mazan jiya. Ranar ta cancanci girmamawa, ita ce ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970. Sai dai kuɗin makaranta sau uku yake zuwa a shekara.

Tsofaffin sojojin da suka tare ƙofar Ma'aikatar Kuɗi a Abuja a 2025 an saurare su ne domin sun zo da yawa. Matan da aka bari ba sai sun tare hanya ba, amma takarda ɗaya mai sa hannun mata 30, da lambar sojan kowane marigayi, zuwa ga shugaban Lijiyon da ɗan majalisar tarayya na mazaɓarku, ta fi ƙarfin zirga-zirgar mace ɗaya. Ki nemi 'yan'uwanki na bariki, musamman waɗanda kuka yi NASWA, ƙungiyar matan sojoji, tare.

A makon nan dai abu biyu za ki yi: ki rubuta takardar sanar da rasuwa, ki kuma roƙi surukarki ta kira zaman dangi. Ita ma tana da sudusinta a ciki, kuma ɗanta zai fi jin nauyinta fiye da na kowa.