Ƙarfe ne fa, to ya aka yi ake gani ta cikinsa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Don Allah akwai abinda ke ɗaure min kai, gilashin nan mai kama da madubi da ake sawa a tagogin manyan gine-gine, na ciki yana ganin na waje amma na waje fuskarsa kawai yake gani. An ce min wai ƙarfe ake shafa masa. To ni dai a sanina ba a gani ta cikin ƙarfe, ya abin yake? Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, wanda ya gaya miki bai yi ƙarya ba, ƙarfen ne, su alminiyam ko azurfa, sirrin dai yana wajen kauri. Da nanomita ake auna shi, wato ki raba milimita ɗaya gida miliyan, silin gashin kanki guda ma yana kai nanomita 50,000 zuwa 100,000. Ba da buroshi ake shafawa ba, hanya ɗaya ita ce a zuƙe iskar cikin injin tas, a gasa ƙarfen har ya zama tururi sai ya sauka kan gilashin kamar raɓa.

In kaurin alminiyam ya kai nanomita 100 haske ba ya wucewa, kusan kashi 90 cikin ɗari yana dawowa, madubin da kike duba fuska kenan. Amma in aka rage shi ya koma kamar nanomita 10, sai hasken ya rabu, wani ya dawo wani ya ratsa. Kuma ta ko wane ɓangare haka yake yi, gilashin bai san ciki da waje ba. Da rana waje ya fi haske, hoton na waje da ke dawo masa sai ya danne ɗan hasken da ke fitowa daga ɗakin, shi yasa baya ganinki. Da dare kuwa kina kunna fitila abin ya juye, ke kina ganin madubi, na waje kuma yana kallonki tar, don haka don Allah kar ki yarda ki cire labule, mutane da yawa basu san wannan ba.

Ni wanda ya fi burge ni zinare ne. Tun 1857 masanin kimiyya Michael Faraday a Ingila ya yi bayanin cewa zinaren da aka buge ya yi siriri sosai in haske ya ratsa shi kore yake komawa. Ga shi gwani wajen mayar da hasken infrared, wanda ido baya gani sai dai ki ji ɗuminsa a jiki, shi yasa ake shafa shi a gilashin hular 'yan sama jannati. Madubin na'urar hangen nesa ta James Webb da aka harba sararin samaniya a 2021 faɗinsa mita 6.5, amma duk zinaren da ke kansa bai kai giram 50 ba.

In kina da tsohon faifan CD ki ɗaga shi saitin ƙwan fitila ki leƙa, a yawancinsu zaki hango ƙwan ta cikin alminiyam ɗin.