Idan Buzu ya sauke ka a Timiya

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce aiki zai kai ka Timiya, can cikin duwatsun Abzin arewa da Agadas, kana tambaya ko ya dace ka miƙa wa mai masaukinka kuɗi ranar da za ka taho. Kada ka yi. Bari in gaya maka dalili.

Na je garin ba da daɗewa ba bayan farin 1984, lokacin da dabbobin mutane suka ƙare. Motarmu ta lalace a cikin kwari, wani dattijo Buzu ya same mu, ya kai mu gidansa tun kafin ya tambayi sunanmu. Da Hausa muka gaisa, domin mutanen nan, Kel Ewey, tun kaka da kakanni suke kai kantun gishirin Bilma har Damagaram da Kano. Abin da ke ɗakin ana iya ƙirga shi da yatsu: tabarma, salkar ruwa a rataye, akushi, sai 'yar butar shayi. Matarsa ta dama mana fura da dabino da cuku a ciki. Sai daga baya na gane nauyin furar nan. Geron da suke nomawa ba ya isarsu, daga ƙasarmu ake ɗauko shi a bayan raƙumi, tafiyar makonni. Abincin 'ya'yansa ya raba da mu.

Da safe na zaro kuɗi. Wallahi har yau ina ganin fuskarsa. Bai yi faɗa ba, ya dai ja amawalinsa sama ya kau da kai, kamar na mayar da gidansa tasha. Direbanmu ne ya taɓa ni, na mayar da abina aljihu cikin kunya.

Don haka ka yi shiri tun daga kasuwar Agadas. Ka sayi ganyen shayi da sukari, in da hali ka ƙara da gero ko turmin atamfa na uwargida. Ka miƙa da isarka a matsayin tsaraba. In ka bari sai za ka tafi, ya zama biya.

Shayi sau uku ake zubawa, na farko da ɗaci, na ƙarshe da zaƙi, kuma ba a tashi a tsakiya. Zai ɗauki lokaci, to ka zauna. In maigida ya shigar da kofi ta ƙarƙashin rawani ya sha, kada ka ƙura masa ido, a wurinsu buɗe baki gaban baƙo rashin kunya ne. Ruwa kuwa ka yi tattalinsa, ko a alwala.

In ya zaga da kai lambunsa, inda raƙumi ke jan guga daga rijiya, ya tsinko maka lemo ko rumman, ka karɓa da hannu biyu ka ci a gabansa. Ka kuma ba shi kwatancen gidanmu, domin suna saukowa kudu, ɗakin zaure yana nan.

Ka gaida mahaifiyarka. Allah ya kai ka lafiya.