Tambaya da Amsa: Baƙin jirgin nan da ake ƙawata bango da shi

Tambaya: Na ga wani adon bango na ƙarfe a shagon kayan ɗaki, an yanka shi da siffar baƙin jirgin sama mai dogon hanci, mai shagon kuma ya ce ba a taɓa ƙera jirgin soja mai gudunsa ba. Shin gaskiya ne, kuma me ya kamata in duba kafin in saya? Daga mai karatu a Kaduna.

Amsa: Malam, bisa ga kwatancenka, SR-71 ka gani, jirgin leƙen asirin Amurka da kamfanin Lockheed ya ƙera, wanda ya fara tashi a watan Disambar 1964. Mai shagon bai yi maka ƙarya ba. A ranar 28 ga Yulin 1976 jirgin ya yi gudun kilomita 3,529 a sa'a guda, kuma har yau babu jirgi mai injin jet da matuƙi a ciki da ya karya wannan tarihi. Kafin nan, a 1974, ya ratsa daga New York zuwa Landan cikin ƙasa da sa'a biyu. Sai dai a fagen yin nisa sama, kambun yana hannun wani samfurin jirgin yaƙi mai suna MiG-25 na Tarayyar Sobiyet, wanda ya kai mita 37,650 a 1977.

Abin da ya fi burge ni game da shi kuwa shi ne yadda maƙeransa suka shawo kan zafi, domin gudu fiye da ninki uku na saurin sauti yana sa iska ta gasa jikin jirgi har ƙarfen da aka saba amfani da shi ya yi laushi. Saboda haka aka gina mafi yawansa da taitaniyom, wani irin ƙarfe mai jure zafi, aka kuma bar ɗan rata tsakanin faifayen jikinsa, ta yadda a lokacin da yake aiki, idan yana ƙasa za ka ga mai yana ɗiga a ƙarƙashinsa, amma da ya tashi ya ɗauki zafi sai ƙarfen ya faɗaɗa, ratar ta toshe. Guda 32 aka ƙera, 12 sun salwanta a haɗurra, kuma babu ko ɗaya da abokan gaba suka harbo, alhali ba ya ɗauke da makami.

A ganina ya cancanci wuri a bango, matuƙar an fitar da siffarsa daidai. Ka duba injinansa biyu, kowane da tsini a bakinsa, da jelarsa biyu masu ɗan karkatowa ciki. Sannan ka shafa gefen ƙarfen a hankali, domin aiki mai kyau ba ya barin kaifi, ka kuma juya bayansa ka tabbatar fenti ya rufe shi, tunda daga nan tsatsa take farawa da damina. Idan yana da nauyi, kada ka dogara da ƙusa ɗaya. A huda bangon a ɗaure shi da sukurori biyu ko uku, a kuma ɗaga shi inda hannun yara ba zai kai ba.