Maigidana ya dawo daga bakin daga, amma kamar ba shi ba

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Maigidana soja ne, ya yi shekara biyu a bakin daga, wata biyar ke nan da dawowarsa. An yi masa tarba, 'yan'uwa sun cika gida, amma tun da aka watse ban sake ganin dariyarsa ba. Ba ya runtsawa sai gab da asuba, idan barcin ya ɗauke shi kuma firgigit yake tashi sharkaf da gumi. Ko ƙofa aka buga sai ya zabura. Yara sun fara gudunsa saboda tsawa. Masu zuwa gaishe shi kuwa ba su da tambaya sai "mutum nawa ka kashe?" Taɓin hankali ya samu ne? Me zan yi masa?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba shi lafiya, ke kuma ya ƙara miki haƙuri.

Wannan ba hauka ba ne. Sai an duba shi ido da ido za a tabbatar, amma abin da kika zayyana ya yi kama da ciwon firgici na bayan tashin hankali, wanda likitoci ke taƙaita sunansa da PTSD. Shekara biyu jikinsa yana koyon cewa ƙara mai ƙarfi tana iya zama ajali, barci mai nauyi kuma ganganci ne. Wannan darasi shi ya dawo miki da shi da rai. Matsalar ita ce jiki bai san an bar daji ba. Ki lura da shi in ya shiga ɗaki: da wuya ya juya wa ƙofa baya, kuma idonsa na kan hannayen mutane. Makonnin farko ba a cika damuwa da haka ba, amma in alamun sun wuce wata ɗaya suna hana mutum zaman gida da aiki, ana kiransu ciwo.

An daɗe ana zaluntar masu wannan lalura. A Yaƙin Duniya na Ɗaya ana ɗaukar irinsu ragwaye. Rundunar Birtaniya ta harbe sojoji 306 bisa laifuka irin su tsoro da gudu daga fagen fama, ba a yi musu afuwa ba sai a 2006, bayan an daɗe ana jayayya cewa da yawansu firgici ne ya taɓa su. Sai a 1980, bayan yaƙin Biyetnam, ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa ciwon a littafinta da sunan da ake kiransa yau. Na kawo wannan ne don ki san kunyar da zai ji in an ce ya ga likita tsohuwa ce, kuma soja ya fi kowa jin ta.

To, baƙin nan. A ganina su ne abin da za ki fara gyarawa, tun yau. Suna ganin yabo suke yi, amma tambayar nan ta "mutum nawa ka kashe?" fama masa ciwo take yi. Wani sojan abin da ke cin sa shi ne abokin da bai iya ɗauko gawarsa ba, ko umarnin da ya bi zuciyarsa ba ta so. Ki sa babban yayansa ko wani da ake jin maganarsa ya ja kunnen masu zuwa. "Sannu da dawowa, mun gode Allah da ya dawo mana da kai" ta wadatar. Ke ma kada ki matsa masa da labari. Ranar da ya fara magana da kansa, ko da tsakar dare ne, ki saurara kawai, ban da "ai ya wuce" ko "ka manta". Da mantawa na hannunsa da tuni ya manta.

A ƙasashe da dama ana karrama tsofaffin sojoji ranar 11 ga Nuwamba, ranar da aka tsagaita wutar Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1918, da fareti da shiru na minti biyu. Yana da kyau, amma rana ɗaya ce. Girmamawar da ke warkarwa ita ce a mayar wa mutum matsayinsa. A can rayukan mutane ne a wuyansa. A gida in ana lallaɓa shi kamar ƙwai, ana yanke shawara a bayan idonsa, sai ya ji ba shi da amfani. Ki nemi shawararsa, ya riƙa raka yara makaranta, a bar masa gyaran da ya iya. Ki kuma ƙarfafa masa zumunci da waɗanda suka yi yaƙi tare, don akwai maganar da su kaɗai zai iya faɗa wa. Yara kuwa a gaya musu daidai hankalinsu: Baba ba ya fushi da ku, kada dai a zo masa ta baya ko a tashe shi da girgiza, a kira sunansa daga nesa.

Sai asibiti. Kada ki ce masa "mu je a duba ƙwaƙwalwarka". Ki shiga ta ƙofar rashin barci, wannan ba ya jin nauyin amsa ta. Ciwon yana jin magani. Abin da ya fi aiki shi ne zaman tattaunawa da ƙwararre, inda ake bi da mutum sannu a hankali ta kan abin da ya faru har tunawa da shi ta daina girgiza shi, yawanci zama 8 zuwa 16. Akwai kuma ƙwayoyi irin su sertraline da likita kan rubuta. Ya guji sayen maganin barci da kansa, musamman dangin diazepam, ba sa warkar da wannan ciwo kuma jiki na saurin sabawa da su. A duba kunnensa, a kuma gaya wa likita in bam ya taɓa tashi kusa da shi, domin ƙarar kunne da girgizar ƙwaƙwalwa kan kawo ciwon kai, mantuwa da saurin fushi.

Abu biyu ba a jira da su. In ya fara cewa gara ma da can ya mutu, ko kin ga yana sallama da mutane yana rabar da kayansa, ki tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin. Kada a bar shi shi kaɗai, a nesanta shi da makami, a kai shi asibiti a ranar. In kuma tsawar ta kai ga duka, ki ɗauki yaran ku koma inda kuke da aminci tukuna, a ci gaba da neman masa magani daga can.